Bokiti Ɗaya, Mota Ɗaya

Hukumar ruwa ta wanke Mai Kumfa daga zargin ɓarnar ruwa. Ta cire sarƙar da ta ɗaure a ƙofar wajen wankin motarsa, ta kuma kafa masa allon yabo a bakin titi. Tun daga ranar masu motoci suka ɗauke ƙafa.

An kafa allon ne ranar Alhamis da hantsi, a titin da ya bi ta bayan tashar mota, a gaban jami'an hukumar da 'yan kallo. Haruffan manya ne, direba zai iya karanta su ba sai ya rage gudu ba: BOKITI ƊAYA, MOTA ƊAYA. Maganar gaskiya ce. Ita ce kuma maganar da Mai Kumfa ya shekara biyu yana ɓoyewa a bayan katangar kwano.

Garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa. Kogin da ke gefensa ya koma yashi, sai damina ta yi nisa yake tuna aikinsa na 'yan makonni. Masu haƙar rijiyar burtsatse kowace shekara sai sun ƙara zurfi. Rijiyar Mai Kumfa ta fara da kawo ruwa mai yashi, daga baya ta koma kawo yashi mai ɗan ruwa, daga ƙarshe in an kunna inji sai dai a ji tana tari. Ya koma sayen ruwan tanka. Mai tanka yana zuwa ranar da ya ga dama, da farashin da ya ga dama. Wuraren wankin mota na layin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai wani a tsallaken titi da ake kira Mai Tiyo.

A wannan tsakanin ne kawunsa ya baro ƙauye. Gonar Kawu ta daina ba da komai, ya sayar da duk abin da zai sayu, ya iso gari da jaka ɗaya da injin feshi na goyo, irin wanda manoma ke fesa wa shuka magani da shi. Injin ne kaɗai ba wanda ya taya. Mai Kumfa ya ba shi ɗaki a bayan wajen wankin, da aikin goge gilashi.

Wata rana tanka ba ta zo ba, ga motoci a jere. Kawu mutum ne da zaman banza ke sa shi ciwon baya. Ya wanke injin feshinsa tas, ya zuba masa ruwan da ya rage a gindin duro, ya goya, ya bi wata ƙaramar mota yana fesa mata kamar yana bin kunya a gona. Ya shafe ta da tsumma mai sabulu, ya sake fesawa, ya goge da busasshen tsumma. Motar ta fita fes. Da aka duba, ruwan da ta ci bai wuce bokiti ɗaya ba. A da, mota irinta duro guda take ci, kuma yawancinsa ƙasa ke sha.

Mai Kumfa ya yi murna, ya kuma yi kuskuren nuna murnar. Babban abokin cinikinsa wani mai sayar da motoci ne da kowa ke kira Dillali, wanda ke turo motoci a wanke kusan kullum. Da ya zo washegari, Mai Kumfa ya kama hannunsa ya ce ya zo ya ga abin mamaki.

Dillali ya tsaya, hannu a aljihu, yana kallon Kawu har ya sauke injin.

"To, sai a fara wankin," in ji shi.

"Ai an gama, Yallaɓai. Shafa ka ji."

Dillali ya shafa. Ya duba yatsansa, babu ƙura. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga ƙasa a bushe.

"Mai Kumfa, ni wanki na kawo, ba tofi ba."

"Amma ai ta fita."

"A ido ta fita. Dattin yana nan a ciki, ko ɗar bai ji ba. Mota sai ta sha ruwa har ta riƙa ɗiga, sannan a ce an wanke ta. Wannan ko jariri aka yi wa haka uwarsa sai ta yi ƙara."

Ya kwashe motocinsa ya tsallaka wajen Mai Tiyo. Kafin mako ya ƙare labari ya zaga gari cewa Mai Kumfa ya karye, ya koma yi wa motoci tofi. A garin, mutumin da ya yi wanka da rabin bokiti a gida yana so in ya fito ya ga motarsa ta sha ruwa har ta ƙoshi. Abin da yake biya ke nan.

Dabarar da ta biyo baya ta matar Mai Kumfa ce, Maman Tagwaye, wadda ke ɗinki a gida. Ta saurare shi ba tare da ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba.

"Kai ma dai, Baban Tagwaye. Wa ya taɓa nuna wa mai riga bayan ɗinki? Ka ba su gaba su kalla, ka yi aikinka a baya."

Aka raba filin biyu da katangar kwano. A gaba aka yi rumfa, aka sa benci biyu da rediyo. A baya ake wanki, an rubuta a ƙofar cewa ba a shiga saboda santsi. Daga ƙarƙashin katangar aka fito da kwata ta siminti, ta ratsa gaban rumfar, ta zube a wani ɗan rami a bakin titi. Daga gindin ramin wani bututu da aka binne ya koma baya ya shiga duro. Wani ɗan inji mai aiki da batirin mota yana jan ruwan duron yana tura shi kwata. Ruwan ya fito, ya wuce ta gaban ƙafafun masu jira, ya shiga rami, ya koma duro, ya sake fitowa. Abin da rana ta shanye ana cike shi da ruwan ɗaurayar tsumma, shi ya sa kullum akwai kumfa a kansa. An kuma saita bakin tiyo yana dukan wani tsohon kwano, ƙarar tana kaiwa har titi. Kafin a fito da mota, Kawu yakan watsa kofi ɗaya a bamba da tayoyi, don ta fito tana ɗiga.

Mai Kumfa bai taɓa ce wa kowa ya sami ruwa ba. Kwatar ce ta yi masa magana. Dillali ya dawo, ya zauna a benci, ya ɗage ƙafar wandonsa kada ta jiƙe, ya ce yanzu ya ji batu. Ya riƙa kawo abokai. Direbobin manyan gari suka biyo. Aka riƙa cewa in kana so motarka ta sha ruwa, ka je wajen Mai Kumfa, ba ya rowa. Awakin unguwa ma suka san wurin. Kawu ya ce shi da ruwan nan sun saba, ko a wani gari ya gamu da shi zai gane shi.

A watan jiya ne hukumar ruwa ta hana zubar da ruwa a titi, bayan rijiyoyin unguwanni biyu sun ƙafe a mako guda. Aka turo sabon sufeto, mutumin da duk gari ya san ba ya cin hanci, shi ma kuma yana so a sani. Ya iso wajen Mai Kumfa ranar Litinin da safe, da ma'aikata biyu da sarƙa. Benci a cike yake. Dillali na zaune a tsakiya.

"Wa ke da wurin nan?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Wannan mene ne?" Sufeto ya nuna kwata da tsinin takalminsa.

Mai Kumfa ya kalli benci, ya kalli kwata. "Ruwa ne."

"Na ga ruwa ne. A garin da mata ke wuni a layin famfo, kai ka saki kogi a titi."

Mai Kumfa ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, mu ɗan kewaya baya, in nuna maka wani abu."

Sufeto ya ja da baya, ya ɗaga tasa muryar. "Baya? Ni za ka kai baya? Jama'a ku shaida, ya ce mu kewaya baya. Malam, duk abin da za ka nuna mini, nuna mini a nan, a gaban kowa."

Mai Kumfa ya sake kallon benci. Dillali ya ga abokinsa ya shiga matsala, ya miƙe don ya taimaka.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri in sa baki. Wannan bawan Allah mutumin kirki ne. Shekara biyu ina kawo motoci nan, ban taɓa ganin ya yi ƙwauron ruwa ba. Mota ɗaya sai ya juye mata duro uku."

"Duro uku," in ji sufeto.

"In ma bai fi ba. Har taya wanka yake mata."

"Na gode, Yallaɓai, zauna haka nan," Mai Kumfa ya ce wa Dillali.

Aka sa sarƙa. Sufeto ya ce kwamitin hukumar zai saurari maganar ranar Laraba, a bainar jama'a, kuma in laifin ya tabbata za a karɓe lasisin wurin, ba dawowa.

Da yamma Mai Kumfa ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Maman Tagwaye na kan keke. Kawu na gefe yana zura tsinke a bakin injin feshinsa, wanda ya fito da shi ta ƙofar baya kafin a rufe.

"To ka faɗa musu gaskiya mana," in ji matar.

"A gaban wa? Zaman a fili za a yi. In na yi shiru, hukuma ta rufe ni. In na yi magana, Dillali ya ji, gari ya ji."

"Ka roƙa a yi a ɗaki."

"Na roƙi mutum ɗaya ya zo baya, kin ga abin da ya jawo."

Kawu ya hura bakin injin, ya ɗaga shi ya leƙa. "Ni abin da ban gane ba, ɗana, motar nan tana fita ko ba ta fita?"

"Tana fita, Kawu."

"To?"

"Ba fitar suke saya ba, Kawu."

Maman Tagwaye ta ciji zare ta yanke. "In an rufe ɗin ma ba tashin duniya ba ne. Ga keke na biyu can a ɗaki yana tsatsa. Ka fara da sa maɓalli, kafin shekara ka iya wuya."

Mai Kumfa ya juya ya kalli ƙofar ɗakin da keken yake, ya daɗe yana kallo. Da gari ya waye ya je ofishin hukumar ya ce yana da shaida, amma ba ta ɗaukuwa, sai dai kwamitin ya zo inda take.

Kwamitin ya zo ranar Laraba. Shugaban kwamitin babban mutum ne, kuma direbansa na cikin masu kawo mota wajen Mai Kumfa kowane mako. Tare da shi akwai sufeto, da wata malama daga jami'a da ke bincike a kan yadda ƙananan sana'o'i ke rayuwa a wuraren da ruwa ke ƙarewa. Jama'a suka cika titi. Dillali ya zo da sabuwar hula don ya sake ba da shaida. Mai Tiyo ya rufe wurinsa ya tsallako, ya sami wuri a sahun gaba.

Mai Kumfa ya buɗe ƙofar katangar da kansa. Mutane suka leƙa suna neman tanki, suka ga duro ɗaya, da batir, da tsumma a kan igiya. Ya kunna ɗan injin, kwata ta fara gudu. Ya miƙa wa sufeto ƙullin bula, irin wadda masu wankin fararen kaya ke sa wa ruwa, ya ce ya zuba a ramin bakin titi. Sufeto ya zuba. Aka yi tsaye ana kallo. Jim kaɗan ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin katanga ya zama shuɗi, ya wuce ta gaban benci, ya koma inda ya fito.

Wani a cikin taron ya ce, "La ila, ruwan nan zagaye yake yi!"

Daga nan aka shigo da motar Shugaba. Aka cika bokiti ɗaya a gaban kowa, Kawu ya goya injinsa. Da ya gama, Shugaba ya shafa ƙofar motar, ya duba yatsansa, ya gyara tsayuwa irin ta mai shirin jawabi. Ya ce wannan shi ne abin da hukumar ta daɗe tana kira a kai. Ya ce ba laifi aka kama ba, abin koyi aka gano, kuma hukumar ce ta gano shi. Sufeto ya ce amma mutumin ya yaudari jama'a. Shugaba ya ce dokar ta hana zubar da ruwa ne, ba ta hana ruwa zagaye ba. Sai dai ya ba da umarni a cike kwatar da ƙasa, domin mai wucewa zai iya ɗauka ɓarna ce ya kwaikwaya. Ɗan injin kuma za a tafi da shi ofis, a ajiye a kan tebur don baƙi su riƙa gani.

Malamar jami'a ta matso kusa da Mai Kumfa, fuskarta cike da fara'a.

"Malam, ina so in san abin da ya ja hankalinka ga wannan ƙirƙira. Kishin muhalli ne?"

"Rijiya ce ta ƙafe, Malama."

"Na'am. Amma ban da wannan. Da ka dubi kogin can, ka yi tunanin 'ya'yanka da jikokinka?"

"Na yi tunanin mai tanka."

"To me ya ba ka ƙarfin gwiwar fitowa ka bayyana wa duniya?"

"Keken ɗinki."

Malama ta juya wajen Kawu. "Baba, kai fa? Me ya sa ka riƙe wannan injin har ka kawo shi gari?"

"Ba wanda ya saya ne, 'yata."

Da yammacin ranar rediyo ya karanta sanarwar hukumar, wadda ta ce wani mai sana'a da kawunsa sun ƙirƙiro hanyar tsimin ruwa saboda kishin muhalli da hangen nesa.

Dillali bai jira sanarwa ba. Tun kwamitin bai shiga mota ba ya tare Mai Kumfa a bakin rumfa.

"Shekara biyu, Mai Kumfa. Shekara biyu ina ɗage wando saboda ruwa ɗaya."

"Motocin sun fita, Yallaɓai. Ka sayar da su duka, ba wanda ya dawo da ko ɗaya."

"Wannan sa'ata ce, ba wankinka ba. Ni fa na tsaya a gaban hukuma na ce duro uku. Ka mai da ni maƙaryaci a sabuwar hula."

"Ni ban ce ka faɗa ba."

"Kwatarka ta ce."

Ya tafi. Ba a jima ba direban Shugaba ya sauke maigidansa a ofis, ya dawo da motar titin, ya wuce ƙofar Mai Kumfa, ya shiga wajen Mai Tiyo. Ya ce maigida ya ce a ɗan ɗauraye ta.

Hukumar da ke yin wata da watanni kafin ta gyara fasasshen bututu ta kafa allon washegari. An haƙa masa rami mai zurfi, an zuba siminti. Mai Kumfa ya tsaya a gefensa aka ɗauki hoto, Shugaba na riƙe da hannunsa.

Yanzu wurin a buɗe yake, a share, a bushe. An cire katangar, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Masu babur kan tsaya jefi-jefi, su ma suna waige-waige. Wasu direbobi na rage gudu su karanta allon, su yi wa Mai Kumfa hon, su ɗaga masa babban yatsa, su wuce. 'Yan makaranta sun zo sau ɗaya tare da malaminsu, Kawu ya nuna musu feshi a jikin amalanke, domin babu mota.

A tsallaken titi kuwa, Mai Tiyo ya yi katangar kwano a makon jiya. Maƙwabtansa sun ce rijiyarsa ta daɗe da fara tari, kuma ba su ga tanka ta shiga wurin ba a 'yan kwanakin nan. Duk da haka kwata mai kumfa na gudu a gaban rumfarsa daga safe har yamma, ana jin ƙarar tiyo har tasha. Mai shagon kayan noma da ke kasuwa ya tabbatar da cewa ya sayar da injin feshi biyu, karon farko tun bara, amma ya ce ba ya riƙe fuskar masu saye. Dillali na zama a bencin Mai Tiyo kullum, da wando a ɗage. Da aka tambaye shi ko ya leƙa bayan katangar, ya ce ba ya bukata, shi ya san ruwan gaske in ya gan shi.

Mai Tiyo ya aika wa Kawu cewa akwai ɗaki da aiki in yana so. Kawu ya ce zai yi shawara. Maman Tagwaye ta fito da keke na biyu tsakar gida, ta sa masa mai.

Mai Kumfa ya koma ofishin hukumar ya roƙi abu ɗaya cikin biyu: ko a cire allon, ko a mayar masa da injinsa a bar shi ya tone kwatar. Ya ga injin a kan teburin Shugaba, an goge shi, an ɗora shi a kan farin ƙyalle. Aka ce masa allon kayan hukuma ne, cire shi laifi ne, kuma babu mai ikon janye yabo sai kwamitin da ya yi shi. Sufeto ya ce ya ji maganar kwatar Mai Tiyo, zai je ya duba, har ya sayi ƙullin bula ya sa a aljihu. Sai dai duk lokacin da ya biyo titin yakan tarar da motar Shugaba a layi.

Har zuwa jiya bular na aljihunsa, kwamitin kuma bai sa ranar zama ba.